Fim ɗin da na ciro wa Yaya daga faifan gem

A shekarun farko da sojoji suka koma bariki, ina aikin buga takardu a wani shago a Kakuri, bakin titin da ma'aikatan masaƙa suke bi da safe. Kwamfuta biyu ce a shagon, da injin fotokwafi mai yawan cinye takarda, da ƙaramin janareto a bayan ƙofa. Mai shagon wani Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda ko inda ake kunna kwamfuta bai sani ba. Ni ce mai bugawa, ni ce mai gyara in ta tsaya, ni ce kuma mai riƙe mukulli. Yawancin abin da nake bugawa a lokacin takardun neman aiki ne, domin masaƙu sun fara sallamar mutane.

Yayana yana cikin waɗanda abin ya shafa, amma shi nasa ya zo da ƙari. A sashen saƙa yake, kuma 'yan watanni kafin a rufe sashen wani inji ya kama masa hannun dama. Yatsu uku suka tafi, ragowar biyun kuma suka ƙi lanƙwasuwa. Da aka sallamo shi daga asibiti ya dawo gidanmu a Makera, wurin Inna da ni. Bai cika magana a kan abin ba. In an zo gaishe shi sai ya sa hannun cikin aljihun riga, ya ce da sauƙi.

Kafin wannan tsautsayin, Yaya yana da injin gem na hannu da ya saya a kasuwa, irin wanda ake jonawa da talabijin a sa masa faifai. Mutane suna yi masa dariya, wai gardi mai gemu yana wasan yara, shi ko a jikinsa. Akwai wani gem da ya fi so, mai faifai huɗu, labarin wani maƙeri da ya bar garinsu yana neman ƙanwarsa tare da wani tsoho abokin tafiyarsa. In ka ci wani mataki, sai wasan ya tsaya a nuna maka ɗan gajeren fim, labarin ya matsa gaba. Waɗannan guntayen finafinan su ne abin da Yaya yake wahala dominsu. Yana tsakiyar faifai na biyu hannun ya samu matsala.

Wata Asabar da la'asar na dawo na same shi ya ɗora abin dannawar a cinya, yana ƙoƙari da hannun hagu da gefen na dama. An kashe maƙerin ya fi sau goma ina tsaye. Daga ƙarshe ya kashe talabijin, ya naɗe wayoyin a hankali.

"Auta, ki ba wa duk wanda yake so," ya ce. "Ni dai abin da ya dame ni, ban san ko ya ga ƙanwar tasa ba."

Ban ba wa kowa ba. Ranar Litinin na sa faifan nan huɗu a jaka na tafi da su shago. Tunanina ɗaya ne: faifai dai faifai ne, kuma in fim ɗin yana fitowa a talabijin, to yana nan kwance a ciki. Da na sa na farko a kwamfuta sai ga jerin fayil-fayil masu sunaye marasa ma'ana, haruffa da lambobi. Na danna wannan ya ƙi, na danna wancan ya ƙi. Amma na lura akwai waɗansu manya ƙwarai, sun fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Na ce a raina nan finafinan suke.

Kafin in ci gaba na nemi izinin Alhaji. Ina so a riƙe wannan, domin daga baya an yi kamar ban nema ba. Na ce masa ina da wani aiki na gida da nake so in riƙa yi ran Lahadi, ranar da ba a buɗe shago. Ya ce, "Ki yi abinki, yarinya, in dai man janareton naki ne." Haka kuwa aka yi, da galan ɗina nake zuwa.

Intanet a lokacin sai a kafe, wato shagon da ake biya a yi amfani da ita, kuma kafen da ya fi kusa yana cika da masu neman biza da masu duba sakamakon jarrabawa. Nakan bi layi in samu kujera, in zauna ina jiran shafi ɗaya ya buɗe kamar mai jiran tuwo ya nuna. A can na gano cewa akwai mutane a wasu ƙasashe da suka yi irin tambayata, har wani ya rubuta ƙaramar manhaja da take karanta waɗannan fayil-fayil ta mayar da su bidiyon da kwamfuta ta sani. Sau uku ina sauke ta wuta tana ɗaukewa. A na huɗu ta sauka, na raba ta a fulofi biyu, ƙananan faifan ajiya na lokacin, na kawo shago.

Ranar da hoton farko ya fito, ni kaɗai ce a shagon, ƙofa a rufe, janareto yana ƙara. Sai ga maƙerin nan a allon kwamfuta yana tafiya a kan wata gada, iska tana kaɗa masa riga. Babu sauti ko kaɗan, hoton kuma ƙarami ne kamar katin waya, amma na tashi tsaye ban sani ba. Sati biyu na ƙara kafin in gane cewa sautin a cakuɗe yake da hoton, sai an ware shi daban an sake ɗora shi. Da na ɗora sai ya riƙa zuwa kafin hoton, a ji ƙarar ƙofa kafin a ga ta rufe. Da hannu na riƙa matsar da shi, guntu bayan guntu. Faifai na uku kuma duk ya karce, kwamfuta tana kaiwa tsakiya sai ta tsaya. Man goge baki na shafa masa na goge da tsumma mai laushi, sau da yawa, har ta yarda ta karanta.

Da na gama ciro su duka sai wata matsalar ta taso. Guntayen ba a jere suke ba, kuma tsakaninsu akwai giɓi, domin rabin labarin a cikin wasan kansa yake. Za ka ga mutane a jeji, guntu na gaba kuma suna cikin jirgin ruwa, ba ka san yadda aka yi ba. A nan ne dole na gaya wa Yaya abin da nake yi. Na kawo shi shago wata Lahadi na zaunar da shi a gaban kwamfuta. Ya bi guntayen da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna allon da hannun dama, wanda ya manta bai ɓoye ba, ya ce, "Wannan ba nan yake ba. Sai bayan sun ƙetare kogi."

Daga ranar aikin ya zama namu mu biyu. Shi ya san mutanen labarin kamar 'yan unguwarsu. Inda bai taɓa kaiwa ba, sai mu yi ta gardama, yana duba tabon fuskar wani ko yagewar rigar wani ya ce wannan ya riga wancan. Shi ne kuma ya kawo shawarar ya riƙa ba da labarin da Hausa, ya cike giɓin da bakinsa, don Inna ma ta gane. Muka aro ƙaramin makirfo, yana kallo yana magana ina ɗauka. Ban taɓa sanin yayana ya iya ba da labari haka ba. Ya ba tsohon nan muryar wani mai gadin masaƙarsu, ya sa wani mugun sarki da ke cikin labarin yana magana kamar ɗan siyasa a filin kamfe. Nakan toshe baki don kada dariyata ta shiga ɗaukar.

A faifai na uku akwai wani guntu da ban yi tunani a kansa ba sai da ya zo. Suna cikin wani gida mai manyan injuna, sai wani ƙarfe mai juyawa ya kama hannun tsohon. Yaya ya yi shiru. Na kai hannu zan tsayar, ya ce in bari. Hoton yana tafiya, shi kuma ya bar labarin maƙeri ya shiga nasa. Ya faɗi yadda bai ji zafi ba da farko, sai sanyi. Ya faɗi yadda ya ga yatsunsa a kan yadin da yake saƙawa, da yadda shugaban sashe ya fara tambayar ko yadin ya ɓaci kafin ya tambayi lafiyarsa. Ya ce tun daga ranar yana jin kunyar miƙa wa mutum hannu, har a masallaci yakan yi saurin fita don kada a gaisa. Ya yi kuka, irin wanda bai yi a asibiti ba. A ƙarshe ya ce, "Wayyo hannuna, Auta. Da me zan ci abinci?"

Da ya natsu ya ce in cire wannan wurin. Na ce to. Muka sake ɗaukar guntun, ya yi shi da muryar tsohon kamar ba abin da ya faru. Na haɗa fim ɗin gaba ɗaya, na mayar da shi irin wanda na'urar bidiyon gida take karantawa, na buga a faifai ɗaya tak. Amma haɗin farko, mai ɗauke da kukan, yana nan a kwamfutar shago cikin wata ma'ajiya da na sa wa suna gwaji. Na yi niyyar gogewa, na yi ta cewa gobe. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa wani ba.

Mun kalli namu a tsakar gida wata Juma'a bayan la'asar. Inna ta zauna a tabarma tana yi wa sarkin labarin Allah ya isa. Abokin Yaya ma ya zo, wani Kirista ɗan kudancin jihar da suka yi aiki a inji ɗaya, shi ne ma ya ɗauke shi zuwa asibiti ranar da abin ya faru. Maƙerin ya ga ƙanwarsa a ƙarshe. Yaya ya yi dariya ya ce da ya san haka ƙarshen yake da bai damu kansa ba, amma na ga yadda ya ci abinci a ranar.

Bayan kamar wata guda, ina cikin bas daga Kakuri, sai kwandasta ya riƙe hannunsa ya lanƙwashe murya ya ce wa direba, "Wayyo hannuna, da me zan ci abinci?" Motar ta kwashe da dariya. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na tambayi matar da ke kusa da ni daga ina wannan maganar. Ta ce wani sabon katun ne mai fassarar Hausa, ana sayarwa a bakin kasuwa, wai mai fassarar yana kuka tsakani da Allah kamar hannunsa aka yanke, abin dariya.

Na sauka ban kai inda za ni ba. A teburin mai faifai na farko na ga faifan. An yi masa bango mai kala, an rubuta cewa wani injiniya ne daga Legas ya haɗa, an kuma sa sunan shagon da ya buga. Shagon ƙanin matar Alhaji ne, mai sayar da finafinai, wanda yakan zo wurinmu in buga masa bangon faifai. Ashe wata rana da na je sallar azahar ya zauna a kujerata yana bincike, ya ga ma'ajiyar, ya kwafe. Namu mai tsabta yana gida a akwatin Inna. Wanda ya samu shi ne na gwajin, kuma ya kalla, ya ji kukan, ya buga shi a haka.

Na samu Alhaji a shago, surukin nasa yana zaune a gefe yana shan lemo. Na ajiye faifan a kan tebur.

"Alhaji, wa ya ba da izinin a buga wannan?"

Ya ɗauka ya juya shi. "Au, wannan ne? Ai ni na ce ya ɗauka. A kwamfutata yake."

"Aikina ne, Alhaji. Muryar yayana ce. Ka san halin da yake ciki."

"Kwamfutar ta wace ce? Shagon na wane ne? Abin da aka yi a cikin shagona ai nawa ne, yarinya."

Na tuna masa cewa na nemi izini, kuma da man da na saya na yi. Ya ce shi bai tuna ba. Sai surukin ya sa baki, yana murmushi. Ya ce in daina ɗaga murya, shi ya san ba ni na yi ba, wani saurayi ne dai ya yi mini, domin wannan ba aikin mai buga takarda ba ne, balle mace. Na ce masa ga kwamfuta ga faifai, ya ciro guntu ɗaya in gani. Bai motsa ba. Ya ce, "To ke ma ai sata kika yi. Masu gem ɗin sun ba ki izini ne?"

Akwai gaskiya a cikin wannan maganar. Ban nemi izinin kowa ba, ban ma san inda zan same su ba. Amma faifan na Yaya ne, ya saya, kuma abin da na yi shi ne na nuna wa mai faifai abin da ke cikin faifansa, a tsakar gidanmu, mu huɗu. Ban kai kasuwa ba. Ko da a ce ni ɓarauniyar hoto ce, kukan yayana ba na masu gem ba ne, ba na Alhaji ba ne, ba kuma nawa ba ne. Na faɗa musu haka. Na ce ko sunan da suka sa na ƙarya na yafe, su janye faifan kawai, zan ba su mai tsabta su buga.

Surukin ya ce, "Ai wurin kukan ne mutane suke so. In an cire shi me ya rage?"

Har yau in na tuna yadda ya faɗi wannan, hankali kwance, kwalbar lemo a hannu, sai in ji zuciyata tana tafasa. Ba mahaukaci ba ne, ba kuma jahili ba. Ya san Yaya, ya zo gaishe shi a asibiti. Alhaji kuwa cewa ya yi tunda abin ya karɓu, in kawo wasu faifan gem ɗin in riƙa yi musu a kai a kai, za a kyautata mini. Na ciro mukullin shago daga jaka na ajiye masa. Kafin in fita na zauna na goge ma'ajiyar da manhajar gaba ɗaya, suna kallo, ba wanda ya san abin da nake yi a cikinsu.

Abin da na fi tsoro shi ne gaya wa Yaya, amma an riga ni. A wurin mai shayi wasu suka yi masa maganar a fuska, ba su ma san shi ne ba. Waɗanda suka san muryarsa kuma suka riƙa kallon aljihunsa in ya wuce. Na same shi a ɗaki na durƙusa na ce laifina ne, ban goge ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Na ce ki cire, Auta."

"Haka ka ce, Yaya."

Bai ƙara komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya yi kusan wata biyu ba ya fita sai masallacin ƙofar gida, ni kuma ba ya ce mini komai sai amsa gaisuwa.

Abokinsa ne ya ƙi yarda a bar maganar. Ya ce mini, "Ƙanwarmu, tashi mu je." Muka bi teburan masu faifai ɗaya bayan ɗaya, daga Kakuri zuwa Makera har Unguwar Mu'azu, a kan babur ɗinsa, rana tana dukanmu. A kowane tebur yakan tsaya ya ce mutumin da kuke ji yana kuka ba wasa yake ba, ni na ɗauke shi da jininsa a rigata. Wasu suka ji kunya suka kwashe nasu suka miƙo mana. Wani dattijo ya karya nasa a gabanmu ya ce a ba Yaya haƙuri. Da yawa kuwa cewa suka yi su ba ruwansu, kaya suka saro. Wani ma ya tambaye mu ko mai muryar zai yarda ya yi kashi na biyu. Abokin Yaya ya kama wuyan rigarsa, da ƙyar na raba su.

Ba mu iya tsayar da shi ba. Faifai in ya fita, kowa mai kwamfuta yana iya haifar da wani. Abin da ya kashe maganar shi ne lokaci, wasu finafinan suka fito, kwandastoci suka samu sabon abin dariya. Ba wanda ya zo gidanmu ya ba da haƙuri, daga Alhajin har surukinsa. Da Inna ta aika wa surukin da ƙorafi ta bakin wani dattijon unguwa, amsar da ya bayar ita ce ai ya rufa mana asiri da bai sa sunan Yaya a bango ba.

Na samu aiki daga baya a wata makarantar kuɗi ina koya wa 'yan mata kwamfuta. Yaya kuma abokin nasa ya sama masa gurbi a wani shagon kayan gyaran babur, inda ya koyi rubutu da hannun hagu. Mun shirya ni da Yaya a hankali, ba tare da an zauna an yi maganar ba. Wata safiya ce kawai ya leƙo ya ce in zo in ɗaura masa agogo, igiyar ta ƙi shiga. Na ɗaura, ya duba lokaci, ya ce zai makara, ya fita.